Kurege Mai Kiwon Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata Rema ce, 'yar dabbar nan mai zama a kogon duwatsu, take da gona a gindin wani ƙaton dutse. Gonar ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba, amma ƙasarta baƙa wuluk. Da gyaɗar wurin take ciyar da 'ya'yanta shida har damina ta zagayo.

Kurege kuwa ba ya noma, sai dai ya taya mutane duba amfanin gona da haƙori. Ran nan ya zo wucewa, ya ga gyaɗa, yawu ya tsinke masa.

Ya ce, "Gwaggo Rema, ina kika samo ƙasa haka?"

Ta ce, "Dutsen nan ya haifa mini."

"Dutse na haihuwa?"

"Ƙwarai. Rana ta gasa shi, ruwa ya sanyaya shi, saiwar gamji ta shiga ta tsaga shi. Ya ɓare, ya marmashe, ruwa ya gangaro da tsakuwar, ganye ya ruɓe a kai. Kaɗan-kaɗan dai, tun zamanin kakar kakata."

Kurege ya kaɗa jela, bai zame ko'ina ba sai gidan Ɓauna, Sarkin Noma, wanda gidansa ma ke gindin dutsen. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, kowa na da abin kiwo ban da ni. A ba ni dutsen can."

Ɓauna ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Na ba ka, gaban shaidu. Ka riƙa kai shi rafi da wuri."

Lokacin girbi ya yi, Rema ta cire gyaɗa, ta shanya, ta cika buhu huɗu. Sai ga Kurege da igiya a kafaɗa, ya ja ta ƙara gaban Sarkin Noma.

"Ranka ya daɗe, in akuya ta haihu, 'ya'yan na waye?"

"Na mai akuya."

"Gwaggo, wa ya haifi ƙasar gonarki?"

Rema ba ta iya ƙarya ba, baiwar Allah. Ta ce, "Dutse."

"Dutsen na waye?"

Ɓauna ya sosa ƙeya. Shi ya bayar, gaban shaidu kuma. Haka Kurege ya kwashe buhu huɗu, Rema ta koma kogo tana share hawaye, yara suna tambayarta abin da za a ci. Ni kaina da nake ba ku labarin, wurin nan yana ƙona mini rai.

To, dutse bai san an yi masa ubangida ba, aikinsa kawai yake yi. Kwana uku rana ta gasa shi, ta gasa shi, har ƙadangare ya kasa takawa. Ran na huɗu da azahar ruwan bankwana ya sauko da sanyinsa. Can sama akwai wani ɓangare da saiwa ta daɗe tana turawa. Sai ji aka yi rugum! Ya ɓalle, ya gangaro, ya gangaro, ya zauna daram a kan rumbun Sarkin Noma. Gero ya zama gari ba a kai shi turmi ba.

Aka kamo Kurege, bakinsa cike da gyaɗa.

Ɓauna ya ce, "In akuya ta yi ɓarna, wa ake kamawa?"

Kurege ya haɗiye da ƙyar. "Mai akuya, ranka ya daɗe. Amma wannan ai an yaye shi. Duk ɗan da ya bar jikin uwa ya zama mai kansa, ba ruwana da shi."

Rema ta ce, "Madalla. Wannan yau ya bar jikin uwa. Ƙasar gonata fa? Ita har ta yi jikoki."

Ɓauna ya sunkuyar da kai, ya goga ƙaho a ƙasa. "Zaɓi ɗaya, Kurege. Ko duka naka, ko babu naka."

Kurege ya dubi ƙaho, ya tuna gyaɗa. Ya tuna gyaɗa, ya dubi ƙaho. Ƙahon nan kuwa kowane ɗaya ya fi shi tsawo har da jela.

Ya ce, "Wane dutse ma ake magana? Ni tun ran farko na ga ba shi da tarbiyya. Na sake shi, gaban shaidu!"

Aka ɗora masa buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya hau da su har bakin kogon Rema, yana nishi, yaran na binsa da waƙa. Da ya sauke na ƙarshe ya yi sallama bai buɗe baki ba, don kumatunsa biyu duk a cike suke. Rema ta gani, ta ƙyale shi, ta ɗora tukunya.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Ku kuma in za ku roƙi abin kiwo, ku fara gwada masa igiya a wuya, in ba ta zagaya ba ku ce kun gode.