Ranar da Sallau Ya Kwanta a Ƙofar Zaure

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wataƙila ma wani yana zaune a cikinku yana sosa ƙeya. Sunan mutumin Sallau. Wani bawan Allah ne gajere, ba malami ba, ba mai dukiya ba. Shekara talatin ya yi a ɗakin gwaji na wani babban asibiti a birni. In likita ya gutsuro ɗan nama daga jikin majiyyaci, Sallau ne zai daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, ya yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, ya rina, ya shimfiɗa a kan ɗan gilashi, ya miƙa wa likita ya duba a madubi mai ƙara girman abu. Da ya tsufa ya dawo gida, sai 'yan garin suka raɗa masa suna Mai Wankin Gilashi. Shekara talatin a asibiti, in ji su, ko allura bai iya yi ba. In sun faɗa, shi ma sai ya taya su dariya.

To, ku saurara. Mai garin, Magaji Barau, yana da jika 'yar shekara bakwai, sunanta Hansai. Wata rana muƙamuƙinta ya kumbura. Aka ce hangum ne, aka shafa toka. Kwana goma, kumburin ya ninka. Haƙoranta suka fara girgiɗa, idonta na hagu ya fara turowa, tuwo ya gagare ta sai kunu. Kun san mu, in ciwo ya fi ƙarfin saninmu, ba ma cewa ba mu sani ba, sai mu waiga mu nemi wanda ba shi da gata. Aka waiga, aka samu Tasalla mai daddawa, tsohuwa, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Wata mata ta ce ta ga ranar da Tasalla ta shafa kumatun yarinyar a bakin rijiya. Shi ke nan, Tasalla ta zama mayya, ta kama kurwar Hansai.

Aka sa ranar kasuwa, Talata, da hantsi. Za a shimfiɗe yarinya a ƙofar zauren mai gari, Tasalla ta tsallake ta sau uku, ta kuskure baki ta ba ta ruwan ta sha, sannan a kulle yarinya a ɗaki kwana bakwai kada ido ya gan ta. Ku riƙe wannan, jama'a: a wancan zamani mota sau ɗaya take shiga garin a mako, ranar Talata, ta juya da azahar.

Sallau ya je dubiya kwana biyu kafin ranar. Ya ɗaga haɓar yarinyar, ya duba dasashinta. Ya san ciwon. Ya yanka irinsa ya fi a ƙirga, ya kuma san waɗanda aka kawo da wuri da waɗanda aka kawo a makare. Ya samu Magaji shi kaɗai ya faɗa masa. Magaji ya ce, "Sallau, je ka wanke gilashinka."

Talata ta yi. Gari ya taru, har masu kasuwa sun bar rumfunansu. Aka jawo Tasalla, ɗankwalinta ya faɗi, tana cewa, "Wallahi ban ci kowa ba." Ana shirin fito da yarinya, sai Sallau ya ratso taro, ya ajiye sandarsa, ya miƙe ya kwanta a gicciye a ƙofar zaure, da farar rigarsa, cikin ƙura.

Magaji ya daka masa tsawa, "Kai! Haukan tsufa ne ya kama ka?"

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda yau ranar tsallake ce, a fara da ni. Duk wanda zai fito da yarinyar nan don wannan aiki, sai ya tsallake ni."

Wa zai tsallake dattijo, abokin wasan mahaifin mai gari? Samari suka tsaya cirko-cirko, kowa yana kallon ƙafarsa.

Yana kwancen nan ya ɗaga murya. "Wannan ciwon daji ne na yara, ba maita ba. Na gan shi da idona a ƙarƙashin madubi, kamar sama mai taurari yake. Likitocin da na yi wa aiki sun ce da hannun wata ƙwayar cuta a ciki, wadda ke yawo a yawun mutane. Kusan kowa ya ɗauke ta tun yana goye, ta kwanta a jikinsa ba ta yi masa komai ba. Amma in zazzaɓin cizon sauro ya yi ta bugun yaro, damina bayan damina, sai ta samu ƙofa a jikin wani. In ɗaukar ƙwayar nan ce maita, to ni maye ne, liman maye ne, kai ma ranka ya daɗe maye ne. Me ya sa sai Tasalla? Don ba ta da ɗan da zai tsaya mata?"

Wani daga baya ya ce, "Likita ne kai?"

"Ni ba likita ba ne, mai wankin gilashi ne. Shi ya sa ban ce ku yarda da ni ba. Ku kai ta a gutsiri ɗan nama a duba, gilashi ba ya tsoron mai gari, ba ya ƙin tsohuwa. Ciwon nan kullum ƙaruwa yake, kwana bakwai a ɗaki kabari ne. Mota za ta tashi da azahar. In aka duba ba haka ba ne, ku rushe ɗakina, in bar muku garin."

Magaji ya ce, "Ka tashi, ko in sa a ɗauke ka kamar buhu."

"A ɗauke ni. Amma ranar tsayuwa, in aka tambaye ka ran Hansai, kada ka ce ba a faɗa maka ba."

Rana ta take, ƙasa ta yi zafi, tsoho bai motsa ba. Ladan ya fara gyaran murya. Direba ya danna hon a bakin kasuwa. Allahu Akbar! Sai ga uwar yarinyar, Yalwa, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli surukinta ba, ta fito daga cikin gida da 'yarta a goye. Ta durƙusa daga cikin zaure ta ce wa Magaji, "Baba, ka yi mini aikin gafara, motar zan bi." Ta dubi Sallau ta ce, "Baba Sallau, ka ba ni hanya, ba zan tsallake ka ba." Ya tashi yana kakkaɓe riga, hawaye na bin gemunsa. Magaji bai ce a je ba, bai kuma ce a tsaya ba.

A birni aka gutsiri naman, wani da Sallau ya koya wa aiki shi ya yanka. Abin da tsoho ya faɗa, shi gilashi ya nuna. Aka sa wa yarinya magani ta jijiya. Ta sha wuya, gashinta ya zube, ta yi amai har uwarta ta fid da rai. Amma kafin mako biyu kumburi ya saɓe. Likita ya ce da an ƙara kwanaki, da sai dai haƙuri.

Kuna tsammanin da suka dawo gari ya ji kunya? Ina! Sai cewa aka yi ai mayyar ce ta tsorata ta sake ta. Aka daina sayen daddawar Tasalla. Sallau bai yi musu da kowa ba. Ya kama hannun Hansai, tsakar rana, ya bi da ita ta tsakiyar kasuwa har ƙofar Tasalla. Tsohuwar ta ɓoye hannuwanta a bayanta don tsoro. Yarinyar ta jawo hannun da kanta, ta ɗora a kan kumatunta, ta ce, "Iya, taɓa ki ji, ya tafi."

Jama'a, gaskiya ba ta bukatar rawani. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, bai kuma ce mu nemo shi a jikin tsohuwar da ba ta da kowa ba. Jifan mutum da maita zalunci ne, jinkirta yaro a gida har ciwo ya cinye shi ma zalunci ne. In ka ga kumburi a muƙamuƙin ɗanka, ko wuyansa, ko cikinsa, yana ƙaruwa, ka yi addu'a kana tafe, ka kai shi a duba. In kuwa ka ga an taru a kan marar gata, kai kuma ka san gaskiya, kada ka ce kai ba kowa ba ne. Sallau ma ba kowa ba ne, jikinsa kaɗai gare shi, shi ya shimfiɗa a ƙofar zaure. Allah ya ba mu ikon yin haka ranar da ta zo kanmu.