Sallama Uku a Ƙofar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku daina tsungulin juna.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Can ƙarshen duniya akwai wata ƙasa, ƙanƙara ce zalla, ba gona ba gari. Sarakunan dabbobi suka ƙulla yarjejeniya a kanta, suka sa hannu a takarda: ba ta kowa ba ce, kuma ba a haƙa ta. Mai neman ilimi ya je, amma duk bukkar da aka kafa, wakilan sarakuna su shiga su duba, ba sai da izini ba.

A can Tabawa take, tsuntsuwa ce irin wadda ba ta tashi. Ƙwai ɗaya tak gare ta, a kan ƙafafunta take riƙonsa, don in ya taɓa ƙanƙara ya mutu.

Sai ga Gizo da ƙaton rawani, wai shi malami. Ya kafa bukka dab da ita, ya ja ƙofa, ya hura wuta, ya kama haƙa yana neman mai. Ƙanƙarar da Tabawa ke tsaye a kai ta fara tsagewa, ga shi ba halin gudu da ƙwai. Ta aiki kifi ya kai ƙara wajen sarakuna.

Aka turo Raƙumi. Ya yi sallama uku, Gizo ya ci gaba da haƙarsa. Raƙumi ya juya.

Tabawa ta ce, "Ina za ka?"

"Ba a amsa ba. Ni ba na faɗa wa gidan mutane."

Aka turo Jimina. Ita ma sallama uku, ta ce, "Ƙila salla yake," ta kama hanya. Salla, jama'a! Alhali ƙarar diga har bakin teku.

Aka turo Kunkuru. Yana buɗe baki Tabawa ta daka masa tsawa: "Kai ma ladabin za ka yi mini? Ba ku kuka sa hannu ba? An ce ku shiga, kun zo kuna gaisuwa! Ruwa ya kai mini idon sawu!"

Kunkuru ya banke ƙofar. Ga rami wawakeke, ga tuluna cike da mai.

Gizo ya ce, "Ilimi nake nema, ranka ya daɗe."

"A cikin tulu?"

Aka ɗaure shi tamau, aka cike ramin, aka fitar da shi daga ƙasar har abada.

Kunkuru ya dawo da murna. "Tabawa, albishirinki!"

Ya tarar da ita tsaye a bakin tsagar, ƙafafunta wayam.

Ta ce, "Riƙe albishirinka. Da Raƙumi ya tura ƙofar nan, da yau ina da ɗa."

To kun ji, jikokina. Takarda ba ta tsare komai sai waɗanda suka sa mata hannu sun tashi tsaye. In an ba ku amanar dubawa, ku duba tun ranar farko, kada ku fake da kunya.

Ƙungurus, a kan kusu ta tsaya.