Yadda Kurege Ya Cire wa Salansa Hanji

Ga ta nan, ga ta nanku, mai surutu ya kama bakinsa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Kurege ne dai ya yi babur. Tsohon babur ne, amma muryarsa ƙasa-ƙasa take, in ya wuce ko kaza mai kwanci ba ta ɗaga kai. Da shi yake zuwa zance wurin Tasalla, 'yar tsohon Zomo mai sayar da gyaɗa a bakin kasuwa. Gidan zomaye kuwa gidan kunnuwa ne, ba sa son hayaniya. In Kurege ya kusa sai ya kashe babur, ya turo shi har ƙofar gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Tsoho ya ce, "Yaron nan yana da natsuwa, na ba shi Tasalla. Ya zo ran Laraba da la'asar, bayan an tashi kasuwa, mu sa rana."

Da Kurege ya tsaya nan, da yanzu labarin jikokinsa nake ba ku. Amma ciki ba ya barin mai shi.

Wata rana Zaki ya yi ruri daga nesa, kasuwa ta watse. Kurege ya ga ƙosai da ƙuli-ƙuli a yashe, babu mai su. Ya ci, ya ci, ya yi tunani. Sai ya tura babur wurin Biri mai walda.

"Biri, salansa nake so."

"Taka ai lafiyarta lau."

"Lafiyar tata ce ta dame ni."

Biri ya ɗaura masa wata siririya, ya ce, "Wannan tana da zaƙin murya, ba ta shan mai."

Kurege ya saurara, ya ce, "Kukan sauro ke nan."

Biri ya ɗaura wata mai faɗin baki, ya ce, "Wannan babur zai yi numfashi sosai, zai ƙara gudu."

"Kukan jaki ke nan. Ta Zaki nake so."

"Sai dai in ɓarke taka in cire mata hanji. Amma za ta sha mai, za ta yi zafi, za ta ci maka kunne."

"Kunnen naka ne?"

"A'a."

"To cire."

Biri ya ɓarke salansa, ya zare abin da ke danne ƙara a cikinta, ya liƙe.

Kurege ya tafi kasuwar gabas, ya laɓe a bayan kuka. Ya shura, ya murɗa, ta yi ruri. Kasuwa ta watse, ya kwashe ƙosai. Ya tafi kasuwar yamma. Ya shura, ya murɗa, ta yi ruri. Kasuwa ta watse, ya shanye fura. Ciki yana cika, kunne yana mutuwa. In an ce masa sannu sai ya ce ya ƙoshi. Shi a ganinsa mutane ne suka koma magana a hankali saboda girmansa.

Laraba ta zo, kasuwar garinsu. Mai hankali da ya haƙura da ita. Kurege ya ce ai ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana. Ya shura, ya murɗa, ta yi ruri. Kasuwa ta watse, ya sungumi buhun gyaɗa a bakin kasuwa, bai duba na wane ne ba. Bai kuma duba bayan rumfa ba. A nan tsohon Zomo yake zaune, ba shi da ƙafar gudu. Ruri ya shiga ta dogon kunnensa, zuciya ta tsaya, ya faɗi a nan. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Da la'asar sai ga Kurege yana turo babur, buhu a baya. Ya ga tabarmi, ya ga jama'a. Ya ce a ransa, duk wannan taron domina ne?

Jatau, wan Tasalla, ya tare shi, ya ce a hankali, "Kurege, an yi rashi. Baba ya rasu."

Kurege bai ji komai ba sai "ra". Ya ɗauka an ce an sa rana. Ya washe baki, ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Madalla, barkanmu da arziki. Allah ya maimaita mana, Allah ya nuna mana na 'yan baya."

Ya sauke buhu ya ce ga tsaraba. Uwar Tasalla ta leƙo daga zaure, ta ga facin da ta ɗinka da hannunta. Ta ce, "Wannan ai buhun malam ne."

Biri yana cikin masu gaisuwa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni dai aikin da aka sa ni na yi. Ba Zaki ba ne ya zo kasuwa."

Zomaye suka damƙe Kurege, wani wuya, wani wutsiya. Jatau ya sa baki a kunnensa ya faɗa masa da ƙarfi. A nan ya ji. Kuka ya taho masa, don tsohon nan ya so shi. Amma wuya yana hannun mutane, kuka sai daga baya.

Ya ce, "Ku dakata, surukaina. Ni na yi ruri? Muryata ko ɓera ba ta razanarwa. Ga mai laifi nan tsaye, babur ne. Ku fara da shi. Ku shure shi a nan, ku murɗe masa kunne, sannan ku dawo kaina."

Jatau yana cikin fushi. Ya shura, ya murɗa, ta yi ruri. Zomaye suka saki wuya, suka saki wutsiya, kowa ya dafe kunnuwa ya ranta a na kare.

Tasalla kaɗai ba ta gudu ba. Tana tsaye a bakin zaure, idonta jawur, tana dubansa. Ta buɗe baki ta faɗi wata magana, gajeriya. Kurege ya ga leɓenta yana motsi, bai ji ba. Ya hango Jatau yana dawowa da taɓarya, ya faɗa rami.

Ya tsira da wuyansa. Babur kuwa zomaye suka farfasa shi, suka tashi daga garin da 'yarsu. Kurege ya tambayi Biri, ya tambayi kaza, ya tambayi duk wanda ya je gaisuwa, me Tasalla ta ce? Babu wanda ya ji, kowa ya gudu. Ko cewa ta yi tsaya, ko cewa ta yi tafi, ko Allah ya isa, har yau bai sani ba. Shi ya sa za ku gan shi a bakin rami ya miƙe kan ƙafa biyu, hannuwa a ƙirji, yana kasa kunne ga abin da ya riga ya wuce.

Ƙurunƙus kan ɓarkakkiyar salansa. Mai zuwa sata ya duba buhu, mai zuwa gidan surukai ya wanke kunne. Yayyenku masu tayar mana da unguwa da babur, ku kai musu wannan, in har suna ji.