Barcin Majistare

An yi wani majistare da kan sha barcinsa ana shari'a, in ya farka ya ɗaure mutum. Ɗanjummai ɗan jarida ya faɗi haka a rediyo, aka gurfanar da shi a gaban majistaren.

Majistare ya ce, "Kawo wanda ya ga ina barci, ko ka kwana gidan yari."

Ɗanjummai ya dubi jama'a, kowa ya sunkuyar da kai kamar dawa ta nuna.

"Ranka ya daɗe, ai da izininka na faɗa. Rannan ana cikin wata shari'a na miƙe na ce zan kai labarin barcinka rediyo, in ba ka yarda ba ka hana ni. Ka yi shiru."

"Ƙarya kake! Ban ji ba!"

"A gabanka fa nake tsaye, ya mai shari'a. To me kake yi a lokacin?"