Hoton Ƙirjin Inna da Bidiyon Koyon Tuƙi

Akwai wani malamin koyar da tuƙi da ya saba duk wanda ya zauna kusa da shi sai dai ya ce "to". Wuni yake yi yana daka wa ɗalibai tsawa a kan birki da giya, in ya dawo gida kuma bai san yadda ake sauke muryar ba. Ni dai irin mutanen nan haushi suke ba ni, ba zan ɓoye muku ba.

A falonsa akwai kwamfuta guda ɗaya a kan tebur, kusa da firji, kowa na gidan da ita yake amfani. Wata Asabar da hantsi ya zo zai zuba bidiyon ɗalibansa, waɗanda kyamarar motar ke ɗauka don ya nuna musu kurakuransu. Kwamfutar ta ce babu wuri. Layin ma'ajiyarta ya yi ja.

Nan take ransa ya ɓaci. Ya jera abubuwan da ke cikinta daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, sai ga wata folda a can sama, ba ta da suna sai lambobi. Ya buɗe ta ya tarar da ɗaruruwan fayil, su ma lambobi zalla. Ya danna ɗaya bai buɗe ba, ya danna na biyu haka.

"Wa ya cika min kwamfuta da shara?"

Matarsa tana kicin, injin markaɗe na ƙara. Ta leƙo da hannu a jiƙe ta ce, "Malam, don Allah kada ka goge komai. Bari in wanke hannu in zo mu duba tare, akwai abubuwan da..."

"Ke za ki koya min kwamfutar da na saya? Koma kan aikinki."

Ta koma, domin ta san halin mijinta. Shi kuma ya goge foldar. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna eh ko karantawa bai yi ba. Ya bi ta kwandon sharar kwamfutar ya zazzage shi tas. Sannan ya juye bidiyoyinsa cikin wurin da ya samu, ya miƙe yana jin ya yi abin kai.

To bari in gaya muku abin da ya goge.

Mahaifiyarsa, da suke kira Inna, a gidan take zaune. Shekara biyu da suka wuce ta yi tari mai tsawo, aka sa ta cikin wata babbar na'urar asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta. Aka ga ɗan ƙullutu a huhu. Likita ya ce a ajiye hoton da kyau, nan gaba za a ɗauki sabo a gwada: in bai girma ba, a bar shi, babu abin tsoro. A faifai aka ba su hoton. Matar Malam ta kwafe shi a kwamfuta a ranar, kuma ta yi dabara, domin daga baya faifan ya tsage a jakar Inna. Irin fayil ɗin nan manhajar asibiti ce kawai ke buɗe su.

Malam bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina zai sani? Tun da aka fara zuwa asibitin nan matarsa ce ke kai Inna, ita ke bin layi, ita ke riƙe takardu. Shi iyakarsa ya tambaya daga bakin ƙofa, "Ya jikin?" ya wuce.

Kwana goma bayan haka ranar ganin likita ta matso. Matar ta zauna da filashi a hannu, ɗan abin ɗaukar fayil, za ta kwafi hoton. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ba ta ga foldar ba, ta kira Malam.

"Malam, ina folda mai lambobin nan?"

"Wace folda kuma?"

"Ka san wadda nake nufi. Ranar da na ce ka jira ni."

"Shara ce. Ba abin da ke buɗewa a ciki."

Shekara goma sha tara suna tare bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Ranar ya ji.

"Ƙirjin mahaifiyarka ne shara? Minti biyu na roƙe ka, Malam. Minti biyu in wanke hannu. Da sau ɗaya ka taɓa binmu asibiti, da ka san mene ne. Ba ka sani ba, kuma ba ka tambaya ba, kuma da aka zo gaya maka ka kore ni kamar ɗalibarka."

Ya buɗe baki zai yi tsawar da ya saba. Sai ya koma neman mai laifi: me ya sa ba ta sa wa foldar suna ba? Ta ce gaskiya ne, wannan sakacinta ne, ta ɗauka. Amma ba ita ta danna ba.

Ya kinkimi kwamfutar zuwa wurin mai gyara. Mai gyaran ya daɗe yana bincike, sannan ya girgiza kai.

"Da ka kashe ta tun a lokacin ka kawo min, da wataƙila mun ceto su. Amma ka zuba wasu abubuwa a kansu, sun danne su. Kuma Malam, wurin da kake nema ai yana nan. Ga manhajoji shida da ba mai taɓawa, ga tarkacen da kwamfutar ke tarawa da kanta, ga tsofaffin bidiyoyinka na bara. Su kaɗai sun ninka wannan foldar."

Suka je inda aka ɗauki hoton, aka ce ba sa ajiye hoto na tsawon wannan lokaci.

Likita ya duba sabon hoton da aka ɗauka, ya duba takardar bayanin tsohon, ya ce takarda ba ta isa ba, ido yake so ya gwada biyun. Tunda babu, ba zai yi caca da ran tsohuwa ba. Sai an soka allura ta ƙirji an ciro ɗan nama an auna.

Inna, wadda ko allurar zazzaɓi sai an lallashe ta, ta kwanta aka yi mata. Kwana uku tana gadon asibiti da bututu a haƙarƙari, numfashi da ƙyar. Wannan karon Malam ya zo. Ya zauna a benci yana jin nishinta, haushin kansa kamar ya kashe shi.

Sakamako ya fito lafiya, ƙullutun ba mugu ba ne. Likita ya faɗa a gabansu duka cewa da tsohon hoton yana nan, da wataƙila ba a taɓa ta ba.

A hanyar gida Malam ne ke tuƙi. Inna na baya, ta jingina da kafaɗar surukarta. Ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce:

"Ɗan nan, an ce wuri kake nema shi ya sa ka cire hotona. To me ka zuba a wurin?"

Ya riƙe sitiyari ya kasa juyowa. Bidiyon ɗalibai ne suna koyon ja da baya.

Darasi: Abin da ba ka gane ba, ba shi ne shara ba. Kafin ka goge komai a kwamfutar gida, tambayi masu amfani da ita, ka fara da naka tarkacen, ka kwafe muhimman abubuwa a wuri na biyu ka tabbatar suna buɗewa, ka sa musu suna. In kuskure ya faru, kashe kwamfutar ka nemi mai gyara. Girman kan da ya hana ka jiran minti biyu, wani ne zai ji zafinsa a jikinsa. Ku tura wa duk wanda kuke kwamfuta ɗaya da shi.