Ɗan Wasan da Ya Tsaya Wankin Riguna

An yi wani mutum, ɗalibi a wata kwalejin horar da malamai, shekaru da dama da suka wuce. Sunansa Sallau. Bawan Allah ne marar yawan magana, amma idan ƙwallo ta zo ƙafarsa, mai tsaron gida kan fara salati.

Ƙungiyar kwalejin tana da wata al'ada. Duk wanda ya ci ƙwallo, shi zai wanke rigunan 'yan wasa goma sha ɗaya a bakin famfo kafin ya ci abinci. Mai horar da su ne ya kafa ta, don kada mai ci ya manta da waɗanda suka ba shi.

To, ku saurara. Ranar wasan ƙarshe na gasar kwalejoji, Sallau ya ci biyu. Ya tara riguna a bokiti ke nan, sai ga wani Alhaji, dillalin 'yan wasa.

"Samari, shiga mota. Gobe da safe babban kulob zai rufe ɗaukar 'yan wasa. Albashi, gida, duk suna jiranka."

"Ranka ya daɗe, a ba ni awa ɗaya. Ina da wanki."

Alhaji ya yi dariya, ya zaro kuɗi. "Wanki? Ungo, ka ba mai wanki."

"Ba na mai wanki ba ne, ranka ya daɗe. Nawa ne."

Kyaftin ɗinsu, Gambo, ya ja shi gefe. "Sallau, lafiyarka kuwa? Tafi, mu za mu wanke."

"Gambo, ƙwallo biyun nan daga ƙafarka suka fito. In na tafi yau, baɗi kowa zai ce shi ma ya wuce wanki."

Alhaji ya duba agogo, ya ce hanya da nisa. Mota ta tashi, Sallau yana kallo. Hannunsa ya tsaya cikin kumfa na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da cuɗa. Su goma suka tsaya a kansa har ya shanya riga ta ƙarshe. Ba wanda ya tafi cin abinci.

Bai sake samun irin wannan tayi ba. Malamin firamare ya zama har ya tsufa.

Jama'a, wanda Allah ya ɗaga a cikin mutane, hakkinsu a kansa ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Kowannenmu akwai waɗanda suka miƙo masa har ya kai inda yake, a kasuwa, a ofis, a gida. Ranar da aka kira ka kai kaɗai da kuɗi a hannu, ka waiwaya ka ga aikin da za ka bar musu.