Fukafukan Kurege a Sabon Lilo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kunnenmu.

Na rantse ba za ku yarda ba. Dabbobi marasa fiffike suna da lilo a tsamiya, a hau a rufe ido a ji kamar ana tashi sama. Kurege na cikin masu saƙa musu fukafukan kaba na ɗaurawa. Ana nan sai Gauraka ya rataya sabon lilo a ƙololuwar rimi, kowa ya koma can. Sauran masaƙa suka hau suka ji ƙarfin iskar wurin, suka sake saƙa masu ƙwari. Kurege ya ga ciniki zai kuɓuce masa, sai ya shafa wa tsofaffin fukafukan shuni kawai, ya kai wa Kura talla.

"Yaya Kura, sabon yayi ne, don rimi na yi su!"

Kura ta shinshina. "Ƙanena, ƙanshin tsamiya nake ji."

"Hancinki ne ya tsufa."

"To, a rimi masaƙi ke fara hawa."

Kurege ya ɗaura, Kura ta tura lilon. Iska ta yage kabar, ya faɗo tim. Kura ta take masa wutsiya.

"Za ka saƙa wa kowa sabo, kuma kowanne kai za ka gwada."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare.